Yadda 'yan kallo a Kano ke karɓar labarin ɗan Adam a cikin halittun wata duniya

Malama marubuciya na ga tambayarki. Kin ce kina rubuta labarin wata yarinya 'yar Kano da ta tsinci kanta a cikin halittun wata duniya, waɗanda yara ke ce wa eliyen, amma ƙawayenki sun sare miki gwiwa sun ce Bahaushe ba ya son irin wannan labari, ko ya ce ƙarya ce ko ya ce aljanu ne ya rufe littafin, shi ne kike so ki ji yadda mutanenmu ke karɓar irin waɗannan labaran a zahiri. To ƙanwata bari in faɗa miki abin da na gani da idona, sabida sama da shekara ashirin ina cikin harkar fim a garin nan, na fara da shagon hayar kaset ina zuwa Ƙofar Wambai sari, na riƙe gidan kallo a unguwarmu shekaru masu yawa, na taɓa aikin fassara, yanzu kuma tura fim muke yi a waya da memori. Shi kuma mai gidan kallo in fim ya fara ba talabijin yake kallo ba, ya riga ya ga fim ɗin sau biyar, fuskokin mutane yake kallo, don daga nan zai san ko gobe zai sake sa shi ko ya mai da faifan kwali.

Ƙawayenki suna da gaskiya ta ɓangare ɗaya, akwai masu tashi. Duk ranar da na sa irin wannan fim sai an samu mutum biyu uku sun yi tsaki sun ce kai wannan ai fim tirik ne, haɗin kwamfuta ne, su kaɗe riga su fita. Amma fa su ɗin nan ne dai gobe za su zauna awa uku suna kallon jarumin Indiya shi kaɗai yana dukan mutum hamsin mota tana tashi sama, ba wanda zai ce uffan. Kinga ashe ba ƙaryar ce ta kore su ba. Abin da na lura yana korar mutane shi ne a yi minti ashirin ba a ga damuwar kowa ba, sai haske da ƙugin inji da mutane cikin fararen kaya suna latse-latse suna turanci mai wuya, ba uwa ba ɗa, ba bashi ba zalunci, ba wanda za ka tausaya wa ba wanda za ka tsana. Nan ne za ki ji benci ya fara motsi, wani ya fita sayen rake bai dawo ba.

Ranar da na gane wannan abu sosai ita ce ranar da na fara sa Avatar, a farkon 2010, don fim ɗin a ƙarshen 2009 ya fito. Ko fassara babu, turanci ne zalla, rabin ɗakin ba sa ji, wani yaro ɗan sakandare ne a tsakiya yake ɗan bayani ƙasa-ƙasa ana ce masa me ya ce me ya ce. Janareto na ta ƙara a waje, fanka ɗaya ce, kowa gumi. Da farko dariya ake yi, ga mutane shuɗaye dogaye kusan mita uku ga jela ga kunnuwa kamar na kyanwa, wani ya ce waɗannan ai sun faɗa karofi ne. A hankali dariyar ta ɗauke. In kin san labarin, kamfani ne ya je duniyarsu haƙar wani ma'adini mai tsada, ma'adinin kuma yana ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya wadda ita ce garinsu gaba ɗaya, aka ce su tashi suka ƙi, sai aka zo da jirage aka yi wa bishiyar luguden wuta. Akwai wani dattijo da ke zama a bencin baya kusa da ƙofa, ba ya yawan shiga kallo sai in ƙwallo ake yi, kowa a unguwa ya san an taɓa karɓe masa gonar gado a bayan gari aka yanka filoti aka ba shi abin da bai kai ya kawo ba. Lokacin da bishiyar ta faɗi mata suna gudu da yara a hannu toka na zuba, ɗakin ya yi tsit, sai kawai na ji muryarsa a hankali ya ce Allah ya isa. Ba wanda ya yi dariya wallahi. Da aka zo faɗan ƙarshe shuɗayen suka hau tsuntsayensu suka far wa jiragen, ɗakin nan ya miƙe tsaye, ana tafi ana ihu ana a kashe su, kuma waɗanda ake cewa a kashe ɗin su ne 'yan Adam masu kama da mu, masu ido biyu da yatsu biyar. Ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon kuɗi a hannu tsigar jikina ta tashi.

Daga baya na gane ba a Kano kaɗai hakan ta faru ba. A Faburairun 2010 masu zanga-zanga a ƙauyen Bil'in na Falasɗinu sun shafa shuɗi a jiki sun yi shigar mutanen fim ɗin suka nufi shingen da Isra'ila ta yi a gonakinsu. A Chaina mutane da yawa sun ce labarin rusau ne da ake yi musu don gina manyan benaye. A Indiya akwai wata ƙabila da ake kira Dongria Kondh da wani kamfani ke son haƙar ma'adini a dutsen da suke girmamawa, masu kare su suka riƙa cewa ga Avatar na gaske nan. A Amurka kuwa wani abu daban aka ba da rahoto, wasu 'yan kallo sun ce bayan sun fito daga sinima sun shiga damuwa da baƙin ciki sabida duniyar can ta fi tasu kyau kuma ba halin zuwa. Ni ban taɓa jin mutum ɗaya a gidan kallona ya ce yana so ya koma can da zama ba. Namu haushi suka ji, haushin wanda ya san yadda ake ji in an zo da takarda an ce ka tashi.

In kika tambaye ni daga ina wannan ya samo asali zan ce miki tun a gindin kaka. Ki tuna tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, yadda kakata take ba mu ita. An kori 'yar bora ta je wankin ƙirgi a ruwan Bagaja, ta wuce koguna na abinci iri-iri ana ce mata ci ta ƙi, hadari ya taso ta fake a wata bukka, ta yi sallama, me za ta tarar a ciki? Cinya, cinyar mutum ita kaɗai ba gangar jiki, da kare a gefe. Cinya ta yi gurnani, kare ya ce wai ana yi miki sannu da zuwa. Yarinyar nan ba ta yi ihu ba, ba ta yi dariya ba, ta durƙusa ta gaida su, aka sa ta aiki ta yi, aka ba ta abinci ta ci ta gode, da za ta tafi aka ce ta zaɓi ƙwai ta ɗauki ƙarami, aka gaya mata inda za ta fasa ta bi umarni, ta dawo gida da dawakai da dukiya. 'Yar mowa ta je ta ga cinya ta ƙyalƙyale da dariya ta ce yau ga abin mamaki cinya na magana kare na tafinta, ta zaɓi babban ƙwai ta fasa inda aka hana ta, kin san abin da ta kwaso. To ki duba da kyau, mutum shi kaɗai a cikin halittar da bai taɓa gani ba, yare bai ji sai da tafinta, abinci ba irin nasa ba, doka ba irin tasa ba, kuma jarabawar gaba ɗaya ita ce yaya zai yi ladabin baƙunta. Wannan shi ne ƙashin bayan duk wani fim na eliyen mai kyau da na taɓa sawa. Yaron Kano tun yana shekara biyar an riga an koya masa yadda ake yanke hukunci a irin wannan labari, shi ya sa da ya zauna a benci abin da idonsa ke nema shi ne wane ne baƙo wane ne mai gida, wa ya yi sallama wa ya shigo da takalmi.

Da wannan ma'aunin suka auna jarumin Avatar ɗin. Tsohon soja ne da ƙafafunsa suka shanye, aka sa hankalinsa a cikin jiki irin na shuɗayen aka tura shi ya zauna da su. Mutane sun so shi lokacin da yake koyo, yana faɗuwa daga kan dabba ana masa dariya yana tashi, yana kwaikwayon gaisuwarsu. Har wani ya jawo karin maganar nan ta in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi taka ka ɗaura, ɗaki ya ɗauka don a nan jelar ta gaske ce. Amma bayan an tashi musu ya kaure a bakin mai shayi, kuma musun nan ya fi sati. Wasu suka ce munafuki ne sau biyu, ya ci abincin mutane ya nemi 'yarsu alhali rahoto yake kai wa sojoji, sannan ya juya ya ci amanar waɗanda suka kawo shi. Wasu suka ce a'a wanda ya ga gaskiya ya koma mata ba a ce masa maci amana. Wani malamin firamare kuma ya kawo abin da ya fi damuna ni ma, ya ce shi abin da bai gane ba, mutane suna da sarkinsu da jarumansu da dattawansu, yaro ya zo wata uku kacal ya fi kowa iya hawan tsuntsu ya zama shi ne jagoran yaƙi, yaushe baƙo ya san hanyar gari fiye da ɗan gari? Irin wannan sukar ce masu sharhi a Turai da Amurka suka yi ta rubutawa a jaridu, cewa sai Bature ya zo sannan ake samun ceto, shi kuwa malamin nan bai karanta ko ɗaya ba, da kofin shayi a hannu ya gano ta.

Kuma kada ki manta garin da muke. A Faburairun 1903 sojojin Turawan Ingila suka iso ganuwar Kano da igwa da bindiga mai ruwa, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato, suka fasa suka shigo cikin yini guda. Mutane da wata irin fata, wani irin yare, makamin da ba a taɓa gani ba, sun zo daga inda ba a sani ba. Shekara biyar kafin nan, a 1898, wani marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafinsa na halittun duniyar Mars da suka sauka a Ingila suna ƙona garuruwa, kuma tun a babin farko ya tuna wa mutanensa abin da Turawa suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya, wato yana ce musu ku ɗanɗana a labari abin da kuke yi wa wasu a gaske. Kinga shi Bature in yana kallon fim ɗin mamaya tsoron abin da bai taɓa samunsa ba yake ji, mu kuwa kakannin kakanninmu sun ga ranar. Ba na cewa kowane yaro a benci yana tuna 1903, amma abin yana cikin jinin labaran da muka taso da su.

Yanzu bari in gaya miki inda abin ya juye, don ya kamata ki san wannan kafin ki ci gaba da rubutu. A shekarar 2009 ɗin da Avatar ya fito wani fim ma ya fito daga Afirka ta Kudu mai suna District 9. Jirgin halittun ya lalace a saman birnin Johannesburg, aka sauko da su aka zuba su a wata unguwar kwano da shara aka kewaye da waya, ana kiransu da sunan raini, sannan aka turo wani ma'aikaci da takardar tashi yana bi gida-gida yana cewa su sa hannu. An gina shi ne a kan tarihin wariyar launin fata, musamman unguwar District Six ta Cape Town da aka kwashe mutanenta da ƙarfi bayan an ce ta fararen fata ce a 1966. Halittun munana ne sosai kamar manyan ƙwari, amma cikin rabin awa ɗakina ya koma bayansu, musamman wani uba da ɗan ƙaramin ɗansa da ke neman hanyar komawa gida. Sai ga 'yan Najeriya sun bayyana a fim ɗin. 'Yan daba ne masu sai da makamai da karuwai, suna cutar halittun da abincin kyanwa na gwangwani, shugabansu yana cin naman halittun da taimakon boka wai don ya sami ƙarfinsu, kuma sunan da aka ba shi ya yi kama da na tsohon shugaban ƙasa Obasanjo. Ɗaki ya yi sanyi. Wani yaro ɗan jami'a ya miƙe ya ce a kashe fim ɗin nan zagi ne, wasu suka ce a bari mu ga ƙarshe mun biya kuɗinmu, aka ƙarasa ba armashi, ban sake sa shi ba. Haushin bai tsaya a unguwa ba, ministar yaɗa labarai ta lokacin Dora Akunyili ta nemi sinimomi su daina nuna shi ta kuma nemi a ba Najeriya haƙuri. Abin da ya ƙara ƙona min rai, wanda ya fito a shugaban 'yan dabar ma ɗan Malawi ne. Mutanen da suka yi fim ɗin sun iya sa ka yi wa ƙwaro hawaye, amma ba su ga ɗan Najeriya ko ɗaya da ya cancanci a nuna shi a matsayin mutum ba.

Haushin wannan fim ne ya sa Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin Najeriya da ke Amurka, ta rubuta Lagoon a 2014 inda baƙin suka sauka a ruwan Legas, ita da kanta ta faɗi haka. Amma wanda ya fi kusa da abin da kike rubutawa shi ne wani littafin nata, Binti na 2015, yarinya ce 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya da ta bar gida a ɓoye ta tafi jami'a a wata duniya cikin halittu iri-iri, ta tafi da jan yumɓun da matan garinsu ke shafawa a jiki da gashi, wanda ake mata kallon ƙauyanci sabida shi, kuma yumɓun nan ne ya zo ya yi mata rana a hannun halittun da suka kashe kusan kowa a jirgin da ta hau. Littafin ya ci kyautar Hugo da ta Nebula, manyan kyaututtukan wannan fanni. Ki nema ki karanta in kina jin turanci, ki ga yadda ta riƙe al'adar yarinyar ba ta sake ta ba.

Maganar aljanu da ƙawayenki suka kawo kuwa gaskiya ce, kuma ni na taɓa yin kuskure a kanta. Lokacin da nake fassara an ba ni wani fim na irin wannan, don in sauƙaƙa wa mutane duk inda aka ambaci halittun sai na ce aljanu. Abin da ya biyo baya, mata suka riƙa aiko yara a goge musu shi daga waya, wai ba za su kwana da fim ɗin aljanu a ɗaki ba, yara na firgita. Maza kuma suka taso ni da gyara, suka ce yaushe aljani ya buƙaci jirgi, yaushe aka ga aljani da ido har a ɗaure shi a ɗakin gwaji a ɗebi jininsa? Kuma sun fi ni gaskiya. Aljani a wajenmu ba kayan ƙirƙira ba ne, imani ne, sura guda ce da sunansu a Alƙur'ani, an halicce su daga wuta, suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu. Shi kuwa eliyen na labari jiki gare shi, yana jin yunwa yana ciwo yana da garinsu da iyayensa, tafiya ya yi ya zo. Da na sake samun irin aikin sai na ce baƙi, baƙi daga wata duniya, wallahi tambayoyin da ake min suka canza gaba ɗaya, aka koma me ya kawo su, wa ya sauke su, me suke ci. Kalma ɗaya ce ta yi wannan aikin. Don haka in kina rubutu ki raba su tun daga shafin farko, ki bar yarinyar ma ta yi zaton aljanu ne ta yi ta karanto addu'a, hakan duk 'yar Kano za ta yi, sannan ta ga ɗaya ya ji rauni yana nishi ta gane halitta ce mai jiki kamarta.

Ta ɓangaren addini ban ga mutane suna gudun labarin don an ce akwai wata halitta a sama ba. Sau da yawa ma a bakin mai shayi wani ne zai jawo ayar Suratun Nahli da ke cewa Allah yana halittar abin da ba mu sani ba, wani ya kawo ta Suratush Shura aya ta 29 da ta ambaci dabbobin da Ya watsa a sammai da ƙasa, a yi ta tattaunawa, fassara da hukunci dai na malamai ne. Su masana sararin samaniya zuwa 2022 sun tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 da ke zagaya wasu taurari, amma har yau ba a samu rai a ko ɗaya ba, tauraro mafi kusa da ranarmu kuma haske kansa sai ya yi tafiyar shekara huɗu da ɗoriya kafin ya kai. Abin da ke ɓata wa mutanenmu rai shi ne a ce halittun ne suka yi ɗan Adam, ko a mai da su abin bauta, wannan kam za a kashe talabijin. Tambayoyin da suka fi yi kuwa ƙanana ne na yau da kullum, ina alƙibla a can, yaushe rana ke faɗuwa a sha ruwa, naman dabbarsu ya halatta? Kada ki ɗauka wasa ne. A Oktoban 2007 wani likita ɗan Maleshiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya je tashar sararin samaniya a ƙarshen watan azumi, tashar kuma tana zagaya duniya duk bayan kamar minti 90, rana ta fito ta faɗi sau 16 a yini ɗaya, sai da malaman ƙasarsu suka zauna suka rubuta masa jagora, ya bi lokacin sallar inda kumbon ya tashi, ya fuskanci Ka'aba gwargwadon iko in ya gagara ya fuskanci duniya. In yarinyarki ta tsaya a wata duniya mai rana biyu tana neman inda za ta kalla ta yi sallah, ba ruwa tana tunanin ko ƙasarsu ta yi taimama, na rantse miki ba mai ajiye littafin a wannan shafin.

Kuma tunda yawancin masu karanta ki mata ne, ki sani mata sun fi maza riƙe irin wannan labari in ya taɓa su. Koi Mil Gaya na Indiya da ya fito a 2003 yana cikin faifan da aka fi karɓa haya a shagona, kuma gidajen aure yake shiga, sai ya kwana uku bai dawo ba. A can ɗan halittar ne guda ɗaya aka bari a baya a cikin mutane, ƙarami shuɗi mai manyan idanu da ke samun ƙarfi daga hasken rana. Amma in kika saurari hirar matan ba shi suke magana a kai ba, uwar yaron suke magana, matar da mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa wanda jikinsa ya girma ƙwaƙwalwarsa ba ta girma ba, ana tsokanarsa ana dukansa a gari, sai baƙon da ba ya jin yaren kowa ne ya ji tausayinsa. Mahaifiyata Allah ya ji ƙanta ba ta kallon fim, amma wannan ta zauna a bakin tabarma ta gani har ƙarshe tana share ido da gefen mayafi, don muna da irin yaron a dangi.

In kuma wani ya ce miki ba a taɓa yi da Hausa ba, ki ce masa ya nemi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, labarin yaro Kilba da wata halitta daga sama ta ɗauka yawo sararin samaniya, an karanta shi a makarantu shekara da shekaru. Shekarar da Amurkawa suka sauka a wata ke nan, shekarar da ciwon idon nan ya ɓarke a Afirka ta Yamma mutane suka laƙaba masa sunan kumbon, har gobe afolo muke cewa. Kafin shi ma tun 1934 Gandoki da Ruwan Bagaja sun kai jarumansu ƙasashen da ba na mutane ba an karanta an more.

Don haka ki rubuta abinki ƙanwata. Ki rage bayanin inji da maɓallai, layi biyu ya isa. Ki ba halittun gari da dattawa da abin kunya da abin da suke jin tsoro, ki sa su ma su yi ƙyamar wani abu na yarinyar, wataƙila warin jikinta ko yadda take tauna abinci, don ta ɗanɗana yadda baƙo ke ji. Kada ki sa ta zama sarauniyarsu cikin wata uku, malamin firamaren nan yana nan da ransa. Kada kuma ki ɗauki wata ƙabila ta ƙasar nan ki ba ta matsayin bos, kin ji yadda ɗakina ya yi sanyi. Sannan ki gaya mana wa ta baro a gida. Daren da muka gama Avatar ɗin nan mutane sun watse ina naɗe waya ina kashe janareto, dattijon nan bai tafi ba yana tsaye riƙe da kekensa, ya ce min yaro, shi wannan sojan da ya zauna a wajensu bai dawo ba, yana da uwa a gida? Na ce Baba ba a nuna ba, ɗan'uwansa kawai aka nuna ya rasu. Ya yi shiru, ya ce to ai da sun nuna, ya tura kekensa ya shiga lungu.